Injiniyan Sauti da Mai Riƙon Takarda: Karatun da Waƙarmu Ke Jira

Waƙar Hausa ta zamani da ke cikin wayarka, kafin ta iso kunnenka sai da ta bi ta kan aikin wasu mutane da ba mawaƙa ba, waɗanda galibin masu sauraro ba su taɓa jin ko sunansu ba. Ɗauki MP3, sigar da masu turi ke loda wa jama'a waƙa da ita a memori. Asalinta binciken digiri na uku ne da wani Bajamushe, Karlheinz Brandenburg, ya kammala a Jami'ar Erlangen a 1989, sannan shi da abokan aikinsa na cibiyar Fraunhofer suka ci gaba da gyara har aka raɗa mata wannan suna a 1995. Abin da suka sa a gaba shi ne gano sautin da kunnen ɗan Adam ba ya iya ji. In ana busa kakaki kusa da kai, ba ka jin takun wanda ya wuce ta bayanka, domin ƙara mai ƙarfi tana danne mai rauni. To abin da kunne ba zai ji ba, me zai sa a ɓata wuri wajen ajiye shi? Da suka zubar da irin waɗannan sautuka, minti ɗaya na waƙa da ke cin kusan megabait 10 a faifan CD ya dawo kusan megabait 1. Ba don haka ba, da ƙaramar waya ba ta ɗauki ɗaruruwan waƙoƙi ba, da sana'ar turi ma ba ta samu ba.

Haka nan muryar nan mai santsi, mai ɗan karkarwa irin ta inji, da ta cika waƙoƙin finafinanmu. Manhajar da ta yaɗa ta ita ce Auto-Tune, wadda ta fito a 1997. Wanda ya ƙirƙire ta, Andy Hildebrand, mai digiri na uku ne a injiniyancin lantarki, ya kuma daɗe yana aiki a harkar man fetur, yana nazarin yadda sauti ke shiga ƙarƙashin ƙasa ya dawo don a gane inda man yake kwance. Lissafin da ya ƙware a kai a can shi ya juyo da shi kan muryar mawaƙi. Kafin su biyun akwai John Chowning na Jami'ar Stanford a Amurka, wanda a 1967 ya gano hanya mai sauƙi ta haɗa sauti irin na ƙararrawa da na kayan busa da lissafi zalla. Jami'ar ta ba kamfanin Yamaha lasisi, kamfanin ya fitar da fiyanon DX7 a 1983 ya sayar da fiye da 150,000, kuma shekaru da dama lasisin nan yana cikin waɗanda suka fi kawo wa Stanford kuɗi.

Fasahar sauti ke nan, fage na ilimi mai zaman kansa da ake yi wa digiri na biyu da na uku. Tana da ɗan'uwa da ba a cika ambata ba, wato ilimin tafiyar da harkokin fasaha da al'adu: yadda ake riƙe ƙungiyar makaɗa, da gidan wasan kwaikwayo, da gidan tarihi, da bikin al'ada, ta fuskar kuɗi da doka da jama'a. Ƙasar Hausa ba ta taɓa talaucin mawaƙa ba, tun daga Narambaɗa da Shata da Barmani Choge har zuwa yaran da ke tasowa yau. Inda muke da ƙaranci shi ne mutum biyun da ke tsayawa a bayan mawaƙi: wanda ya san sauti ciki da bai, da wanda ya san takarda.

Wanda ya nemi gurbin digiri na biyu a fasahar sauti zai tarar hanya ta rabu biyu, kuma tun a nan wasu ke ɓata. Akwai kwasa-kwasan da suka karkata ga aikin situdiyo: ɗaukar murya, haɗa sauti, tace shi, sautin fim da na wasannin kwamfuta. Irinsa ne makarantar Berklee ke yi cikin shekara ɗaya a reshenta na Balensiya a Sifen. Akwai kuma waɗanda kimiyya ce tsagwaronta, inda ɗalibi zai wuni yana rubuta manhaja da Python ko C++, yana fama da lissafi, ya yi mako bai taɓa makirfo ba. Cibiyar CCRMA ta Stanford da Chowning da abokansa suka kafa a 1975, da IRCAM ta birnin Faris da aka buɗe a 1977 ƙarƙashin Pierre Boulez, da Jami'ar Queen Mary ta Landan, da Pompeu Fabra ta Basalona, da McGill ta Kanada, duk nan suka fi ƙarfi. Wanda ya tafi da niyyar koyon haɗa waƙa ya faɗa ajin lissafi, tun zangon farko zai gane bai karanta takardar kwas ɗin da kyau ba.

Lissafin kuwa ba na ado ba ne. Sauti girgizar iska ce, kuma kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga kusan 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda. Kwamfuta ba ta san iska ba, lambobi ta sani, don haka sai ta riƙa auna sautin tana rubutawa, sau 44,100 kowace daƙiƙa a ma'aunin faifan CD. Ba da ka aka zaɓi adadin ba. Ƙa'ida ce cewa sai awon ya wuce ninki biyu na girgiza mafi sauri da ake son kamawa, in ba haka ba sautin ƙarya ya shigo. Sai kuma lissafin Fourier, wani Bafaranshe da ya rasu a 1830, wanda ke warware kowane sauti zuwa ƙananan girgizar da suka haɗu suka yi shi. Da shi ake gane abin da ya raba goge da algaita ko da a kan sauti ɗaya suka tsaya. Duk maɓallin da yaron situdiyo ke murɗawa ya ƙara wa murya kauri ko ya rage mata kaifi, lissafin nan ne a ƙarƙashinsa. Shi ya iya murɗawa, ɗan digiri na biyu kuma ana so ya iya ƙerawa.

Leƙa ɗaya daga cikin ƙananan situdiyoyin da ke titin Gidan Zoo a Kano, ko takwarorinsu na Kaduna da Jos da Damagaram, ka ga inda ilimin ke da rana. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tsawonsa da faɗinsa kusan ɗaya, an liƙa kwalayen ƙwai a bango, ga kwamfuta, ga fiyano, ga lasifika biyu an cusa su a kusurwa. Mai haɗa sautin gwani ne, kunnensa ya fi na masu takardu da yawa. Sai dai kwalin ƙwai ba ya hana ƙarar A Daidaita Sahu shigowa, nauyin bango da toshe kafofi ne ke hana ta, ba ya kuma shanye sauti mai kauri. A ɗaki irin wannan, amon ganga yakan taru a wani wuri ya ɓace a wani. In kujerar mai haɗawa tana inda ya taru, zai ji gangar ta yi yawa ya rage ta, waƙa ta fita, a sa ta a mota a ji ta fayau ba nauyi. Ga kuma gurnanin nan na ƙasa-ƙasa da ke bin wayar wuta ya shiga murya, wanda lantarkinmu mai girgiza 50 a daƙiƙa ke haifarwa in ba a haɗa wayar ƙasa daidai ba. Babu ɗaya a cikin waɗannan matsaloli da ke buƙatar sabon inji daga Dubai. Awo suke so, da matsar da lasifika daga bango, da cika kusurwoyi da abu mai kauri mai shan sauti.

Na san akwai iyayen da da zarar sun ji kalmar kiɗa sun rufe maganar, kuma saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, ba a wannan rubutu za a warware shi ba. Amma ilimin sauti ya fi kiɗa faɗi. A 1895 Jami'ar Harvard ta gina zauren lacca wanda in malami ya furta kalma sai ta yi fiye da daƙiƙa biyar tana yawo, ɗalibai ba sa gane komai. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, neman mafita. Ya riƙa aiki da tsakar dare, shi da masu taimaka masa suna kwaso matasan kujeru daga wani zaure na kusa suna shimfiɗawa, yana busa sauti yana auna da agogo tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya mutu, gari ya waye su mayar da matasan. Daga nan ya fito da lissafin da ake amfani da shi har yau, wanda ya danganta daɗewar amsa-kuwwa da girman ɗaki da yawan abin da ke shan sauti a cikinsa. Magana tana son kusan daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka. Yanzu tuno manyan masallatanmu na Juma'a, masu tayil a ƙasa da bango, da ƙubba a sama, inda liman ke huɗuba sahun baya na jin ƙara ba sa jin kalma. Maganin da kwamiti kan kawo shi ne a ƙaro lasifika, abin ya ƙara dagulewa. Mai digiri a wannan fanni zai iya ƙare rayuwarsa yana gyara masallatai da azuzuwa da gidajen rediyo bai taɓa haɗa waƙa ko ɗaya ba.

Inda na fi son mai karatu ya daɗe shi ne a kan kalangu. An gina fiyano a kan matakai 12 daidai wa daida tsakanin sauti da takwaransa na sama, tsarin da Turai ta tsaya a kai, kuma tsakanin maɓalli da maɓalli babu komai. Kalangu kuwa rayuwarsa duk a wannan tsakanin take. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa, ya matse igiyoyinsa a hammata fata ta ɗaure sauti ya hau, ya sassauta ya sauko, wani lokaci ma sai bayan ya buga zai matsa, sautin ya zame yana tafiya. Da zamewar nan yake kwaikwayon karin harshen Hausa, hawansa da saukarsa da faɗuwarsa, har mahauci ya ji an kira shi da takensa ba wanda ya buɗe baki. Goge da kukuma ma ba a yanka musu matakai a jiki ba, yatsa ne ke neman wurin. Muryar mawaƙin gargajiya haka take, tana lanƙwasa ta bi kalma. Auto-Tune kuwa, in aka matse ta sosai, aikinta ta fizgi murya ta kai ta mataki mafi kusa a cikin 12 ɗin nan, wato ta datse zamewar.

Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa kan yadda fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990, ana lalubo sautukan cikinsa masu kama da kayan kiɗanmu, har waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta buɗe wa salon nanaye ƙofa. Ban ce salon laifi ba ne. Nanaye ta yi masoya, ta ciyar da gidaje, ta kai Hausa inda kalangu bai kai ta ba. Abin lura shi ne ba mu muka tsara injin ba, kuma inji ana iya sake masa tsari. Larabawa da Turkawa suna da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallai, kuma Yamaha da takwarorinsa suna ƙera musu fiyano na musamman mai maɓallan sauya matakai, domin akwai kasuwa, akwai kuma masanan da suka auna suka ce ga abin da muke so. A Basalona, Farfesa Xavier Serra ya jagoranci wani babban bincike daga 2011, mai suna CompMusic, don koya wa kwamfuta fahimtar kiɗan da ba na Turai ba. Al'adu biyar suka ɗauka: na arewacin Indiya, na kudancinta, na Turkiyya, na Andalus da ake yi a Magrib, da wasan waƙe na Beijin. Ɗalibai 'yan waɗannan ƙasashe sun taka rawa sosai a aikin, suka fita da digirinsu. Bahaushen da zai ɗauki kalangu da kotso da jauje da kuntigin gwangwanin kifi irin na Ɗan Maraya, ya naɗi sautinsu da kyau, ya auna zamewarsu, ya mayar da su abin da yaron situdiyo zai iya kaɗawa ba tare da sun mutu ba, ya samu kundin bincike da ba sai ya yi dogon bayani kan amfaninsa ba. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke haɗa waƙa daga abin da aka tara musu, kiɗan da ba a tara ba, ba a kuma rubuta bayaninsa ba, ba za su san da shi ba.

Amma me ya sa fiyano ya kori kalangu tun farko? Ba daɗi kaɗai ba ne, kuɗi ne, kuma a nan fanni na biyu, wato ilimin tafiyar da harkokin fasaha, ya shigo. A 1966 wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Princeton, William Baumol da William Bowen, suka fitar da littafi kan dalilin da ya sa ƙungiyoyin kiɗa da gidajen wasa kullum suke cikin giɓi. Hujjarsu mai sauƙi ce. Masaƙa tana iya sayen sabon inji ma'aikaci ɗaya ya yi aikin goma, albashinsa ya ƙaru ba tare da yadi ya yi tsada ba. Kiɗan da aka tsara wa mutum huɗu kuwa, yau ma mutum huɗu yake so, tsawon mintunansa kuma bai ragu ba. Su ma makaɗan sai sun ci abinci a farashin yau. Saboda haka kuɗin shirya wasa yana hawa fiye da na sauran kaya, ko da ba wanda ya yi almubazzaranci. Ɗora wannan a kan ƙungiyar makaɗin gargajiya: masu kalangu, 'yan amshi, sanƙira, direba, mota, masauki, kowa da iyalinsa. Mai biki ya duba wannan ya duba yaro ɗaya mai fiyano ko mai sa waƙa da kwamfuta, ba sai an gaya masa wanda zai kira ba.

Kowace ƙasa da yadda ta toshe giɓin. Jamus ta ɗora shi a kan jihohi da birane, tana riƙe da manyan ƙungiyoyin kiɗa kusan 130 da kuɗin gwamnati. Ingila ta kafa majalisar tallafa wa fasaha a 1946, bisa tsarin gwamnati ta ba da kuɗi amma ba minista ne zai zaɓi wanda za a ba ba. Amurka ta kafa asusunta na tarayya a 1965, amma ta fi dogara ga kyautar attajirai da gidauniyoyi, tana rage musu haraji. Da kuɗin jama'a da na masu kyauta suka shigo, sai aka buƙaci masu iya lissafinsu da bayar da bahasi, shi ya sa jami'o'i suka fara buɗe kwas na musamman. Na Jami'ar Wisconsin da aka fara a 1969 yana cikin na farko-farko, kuma a makarantar kasuwanci aka ajiye shi, ba a sashen kiɗa ba.

Mu namu tsarin shi ne ubangida. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi, wasu suna da attajirai da masu sana'a. Sarki ya ba da doki da riga da hatsi, makaɗi ya riƙe tarihin gidan. Tsari ne da ya yi aiki ƙarni da ƙarni, bai kamata a raina shi ba, sanƙira ma wani irin manaja ne, ya san wane ne wane a wurin taro, ya san yadda ake shelar kyauta ta jawo wata. Rauninsa shi ne komai a wuyan mutum ɗaya yake. Ubangida ya rasu ko ya sauka, ƙungiya ta watse. Yau ɗan siyasa ne ya gaji wannan kujera, shi ya sa mawaƙi kan yi kakar zaɓe a cikin daula, shekara uku kuma yana jiran liƙin biki.

Abin da ake koyarwa a kwas ɗin tafiyar da harkokin fasaha, in aka tuɓe masa manyan kalmomi, shi ne yadda za a mayar da ubangida ɗaya ya zama kafofi da yawa. Ana koyon tsara kasafi da karanta littafin kuɗi, da dokar kwangila da ta haƙƙin mallaka, da rubuta takardar neman tallafi, da sanin su wane ne masu kallo da abin da ke hana su zuwa, da manufofin gwamnati kan al'adu, galibi kuma sai ɗalibi ya yi watanni yana aiki a wata cibiya. Aikin aji yakan zo kamar haka: a ce ga zaure mai kujera 500, za ka shirya daren kiɗan gargajiya. Rubuta kuɗin haya, janareta da dizal, kayan sauti, masu tsaro, talla a rediyo, izinin hukuma, sallamar makaɗa. Raba jimlar da yawan kujerun da kake da tabbacin za a cika, ba da 500 ba. In tikitin da ya fito ya fi ƙarfin mutanen da ke son irin wannan kiɗa, daga ina cikon zai zo? Kamfanin waya? Gidan talabijin da zai sayi izinin nunawa? Gidauniya? Me kowannensu zai nema a madadin kuɗinsa, kuma wanne ne in ka karɓa ka sayar da wasan? Wanda ya taɓa ganin yadda ake shirya gala a garuruwanmu, a tashi da rigima kan kuɗin ƙofa, ya san darajar wannan takarda guda.

Sai haƙƙin mallaka, inda aka fi cutar mawaƙanmu, sau da yawa ba da mugunta ba, da rashin sani. Kowace waƙa da aka naɗa dukiya biyu ce a doka: waƙar kanta, wato baitoci da karinsu, da kuma naɗin da aka yi a situdiyo. Ana iya samun mai wannan dabam da mai wancan. Mawaƙi ya rubuta, mai fiyano ya ɗora kiɗa, wata ta yi amshi, furodusa ya biya kuɗin situdiyo, kowa ya tafi ba a rubuta komai ba, sai waƙa ta yi kasuwa a fara zuwa wurin manya. Tun ran gini ake zane: takarda ɗaya mai sunan kowa da kasonsa, a sa hannu kafin a bar ɗakin. Kowane naɗi kuma yana buƙatar lambarsa ta duniya mai harufa da alƙaluma 12, wadda da ita YouTube da Audiomack da Boomplay da Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, suke gane wanda za su biya. Akwai ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙi, MCSN a Najeriya, BNDA a Nijar, GHAMRO a Ghana, amma ba sa biyan wanda bai yi rajista ba. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, IFPI, ta ce a 2024 cinikin waƙoƙin da aka naɗa ya kai dala biliyan 29.6 a duniya, kason Afirka kudu da Sahara kuwa kusan dala miliyan 110 ne. Ba ƙarancin masu sauraro ne ya jawo wannan tazara ba.

Don neman wannan karatu, ba lallai sai an haye teku ba. Jami'ar Najeriya ta Nsukka tana da sashen kiɗa tun 1961, kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan tana da sashen fasahar kiɗa a matakin difloma, sassan wasan kwaikwayo na Zariya da Bayero da Jos suna taɓa tafiyar da gidan wasa. Jami'ar Maiduguri ta shiga haɗin gwiwa da Cape Coast ta Ghana da Hildesheim ta Jamus a 2016, da tallafin hukumar DAAD, kan al'adu da ci gaba a matakin digiri na biyu da na uku. A Afirka ta Kudu, Stellenbosch tana da digiri na biyu a fasahar kiɗa, Wits kuma a manufofi da tafiyar da al'adu. 'Yan Nijar da Chadi da Kamaru masu Faransanci suna da Jami'ar Senghor ta Iskandariya a Masar, mai sashe guda na al'adu.

Wanda ya nufi Turai ko Amurka kuwa, ya fara da lissafin aljihu. Digiri na biyu a Ingila galibi shekara ɗaya ne, a Amurka yakan kai biyu, kuɗin makaranta kuma dubban daloli ne masu yawa. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, amma sai ka nuna kusan Yuro 12,000 na zaman shekara kafin a ba ka biza, wasu kwasa-kwasan kuma da Jamusanci ake yi. Tallafin Chevening na Ingila yana neman shekara biyu ta aiki, da alkawarin komawa gida. Masu tantancewa ba su cika damuwa da sunan digirinka na farko ba, injiniya da ɗan kimiyyar kwamfuta da ɗan sashen Hausa duk suna shiga. Abin da suke dubawa shi ne aikin hannunka: waƙoƙin da ka haɗa, ko manhajar da ka rubuta, ko taron da ka shirya da lissafinsa. Ana iya fara tarawa daga gida, domin Audacity da Pure Data kyauta ne, Serra da Julius Smith na Stanford kuma suna da darasin sarrafa sauti a intanet.

Ni dai a ganina, wanda burinsa ya iya haɗa waƙa mai daɗi ya ci abinci, kada ya sayar da gonar gado don wannan digiri. Ya zauna wurin gwani shekara biyu, ya karanta abin da ke intanet, zai fi samun biyan buƙata. Digirin na wanda zai ƙera ne, ko ya koyar, ko ya riƙe cibiya, kuma ya fi amfanar wanda ya tafi da tambayarsa daga gida.

Tambayar da ta fi gaggawa tana cikin ɗakunan ajiya na gidajen rediyo da akwatunan iyalan mawaƙa. Zaren kaset da na manyan faya-fayan rediyo ba ya son zafi da laima. Wani nau'insa yakan yi danƙo, in aka sa shi a inji ya kankare, sai an gasa shi a hankali a zafin da bai wuce maki 50 da 'yan kai ba kafin a samu a juye shi. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗin cewa injinan kunna irin waɗannan faya-fayai da kayan gyaransu suna gab da ƙarewa, suka ambaci wajajen 2025. Nijar ta ɗan riga mu a wani ɓangare: cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da aka kafa a Yamai a 1989 tana tara kayan kiɗan gargajiya, kuma malaminta Malam Maman Barka, da tallafin UNESCO, ya je Tafkin Chadi ya koyi biram na Buduma wurin tsohon da ya rage yana kaɗa shi, kafin shi ma ya rasu a 2018.

Juye faifai aikin injiniya ne, amma da an juye sai tambayar takarda ta taso: na wane ne? Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, naɗin sauti kuma shekara 50 daga fitowarsa. Shata ya rasu a 1999, don haka baitocinsa suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069, na Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015 kuma har 2085. Faya-fayan da aka fitar a farkon shekarun 1970 kuwa wa'adin naɗinsu ya riga ya cika, na sauran shekarun kuma yana cika ɗaya bayan ɗaya. Duk gidan rediyo ko jami'ar da ke son ɗora waɗannan waƙoƙi a intanet sai ta bi su ɗaya-ɗaya, ta gano shekarar naɗi da wanda ya naɗa, sannan ta zauna da magada a rubuta kason kowa.